Yadda Naƙasassu Ke Hayar Mota Da Kuɗin Alawus A Ƙasar Birtaniya

A ƙasar Birtaniya, wadda mutane suka fi sani da Ingila, akwai wani shiri da ake kira Motability. Ta wannan shiri naƙasasshe yakan sami sabuwar mota fil. Zai hau ta shekara 3, ya mayar, a ba shi wata sabuwa. A shekarar 2025 mutum fiye da 800,000 ne suke cikin shirin. Cikin kowace sabuwar mota 5 da aka saya a ƙasar, kusan 1 ta wannan shiri ce.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce gwamnati ce take raba motoci kyauta. Har a can Birtaniya akwai masu wannan zato. Amma motar ta haya ce. Naƙasasshen ne yake biyan hayar, da kuɗin da doka ta ce haƙƙinsa ne. Ran da kuɗin nan suka tsaya, motar ma sai ta koma wurin masu ita. Ga bayanin yadda abin yake.

Asalin Shirin

An gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945. Sojoji da yawa sun koma gida Birtaniya ba ƙafa, wasu kuma da karyayyen baya. Wani injiniya mai suna Bert Greeves ya haɗa wata 'yar mota mai ƙafa uku saboda wani ɗan'uwansa da jikinsa ya shanye. Sunan motar Invacar. Gwamnati ta ga amfanin irin wannan mota, ta riƙa saye tana bai wa naƙasassu aro. Daga baya fenti ɗaya aka riƙa yi musu, shuɗi mai haske. Ko daga nesa aka hango ta, an san wanda yake ciki.

Motar ta taimaka, amma tana da aibi. Kujera ɗaya ce da ita. Magidanci ba zai ɗauki matarsa ko ɗansa ba, don an hana ɗaukar fasinja a cikinta. Ba ta da nauyi, iska mai ƙarfi tana iya kaɗa ta, kuma takan kife a kwana. Sa'an nan wanda zai iya tuƙi da kansa kaɗai take yi wa amfani. Makaho, da ƙaramin yaro, da wanda hannu da ƙafa duk suka shanye, ba su da rabo a ciki.

A 1976 gwamnati ta sake dabara. Ta ce za ta daina ba da 'yar motar. A maimakonta za ta riƙa ba da kuɗi, kowa ya yi zirga-zirgarsa yadda ya ga ya dace. An fara da fam 5 a mako. Fam shi ne kuɗin Birtaniya. Ragowar shuɗɗan motocin sun ci gaba da yawo har 2003, lokacin da aka janye su daga kan titi.

Sai dai fam 5 a mako ba ta sayen mota. Banki kuma ba ya son ba da bashi ga mutumin da ba shi da albashi. Saboda haka a 1977 wani lauya, Lord Goodman, da wani ɗan kasuwa, Jeffrey Sterling, suka kafa Motability tare da goyon bayan gwamnati da manyan bankuna. Dabararsu mai sauƙi ce. Kuɗin mutum ɗaya kaɗan ne. Amma idan aka haɗa na mutum dubu, kuma aka tabbata suna shigowa a kan lokaci, banki zai yarda ya ba da jarin sayen motoci. Da yayyafi kogi kan cika. A watan Yuli na 1978 aka miƙa motoci 10 na farko a birnin Landan.

Kuɗin Da Ake Biyan Hayar Da Su

Naƙasa tana jawo kashe kuɗi. Mai lafiya zai taka zuwa kasuwa ko asibiti. Wanda ba ya iya tafiya sai ya biya a kai shi, ya biya a dawo da shi. Don haka gwamnatin Birtaniya take biyan naƙasassu alawus. Na manya, tun daga 2013, ana kiran sa PIP a taƙaice. Na yara 'yan ƙasa da shekara 16 ana kiran sa DLA. Yankin Sikotilan yana da nasa mai wani suna. Sojojin da suka ji rauni a bakin aiki su ma suna da nasu.

Alawus ɗin kashi biyu ne. Kashi na farko don hidimar yau da kullum ne, kamar wanka da sa tufafi da dafa abinci. Kashi na biyu don zirga-zirga ne. Wannan na biyun shi ne ya shafi mota.

Kuɗin zirga-zirgar ma hawa biyu ne. A watan Afrilu na 2025, ƙaramin hawa ya kama fam 29 da ɗoriya a mako, babban hawa kuma fam 77 da ɗoriya. A shekarar 2025 fam 1 ta yi daidai da wajen naira 2,000. Ke nan fam 77 ta kai wajen naira 150,000. Mai karatu zai ce kuɗin da yawa. Amma tsadar rayuwa a can ba irin ta nan ba ce. Idan aka shiga tasi sau 'yan kaɗan a mako, kuɗin sun ƙare.

Ba a duba arziki ko talauci kafin a ba da wannan alawus. Mai aiki yana samu, marar aiki yana samu. Abin da ake dubawa shi ne yadda lalurar ta hana mutum motsi.

Wane Ne Ya Cancanta?

Sharaɗi na farko, sai mutum yana karɓar babban hawa na kuɗin zirga-zirga. Mai ƙaramin hawa ba ya shiga shirin. Sharaɗi na biyu, sai ya kasance da sauran aƙalla wata 12 kafin wa'adin alawus ɗinsa ya ƙare.

Motability ba ita take yanke wanda ya cancanci alawus ba. Wannan aikin Ma'aikatar Ayyuka da Fansho ne. Mutum zai cika takarda. Sa'an nan wani ma'aikacin lafiya zai yi masa tambayoyi, ido da ido ko ta waya. Ana ba da maki, kamar na jarrabawa. Mai maki 8 zai sami ƙaramin hawa. Mai maki 12 zai sami babba.

Abu biyu ake aunawa. Na ɗaya, nisan da mutum zai iya takawa. Na biyu, ko zai iya shirya tafiya ya kai inda za shi ba tare da ɗan rakiya ba. Ta wannan hanya ta biyu ce makafi da masu lalurar ƙwaƙwalwa suke samun shiga. Kuma sai lalurar ta yi wata 3 a jikin mutum, ana kuma sa ran za ta ƙara aƙalla wata 9.

Yaro ɗan shekara 3 yana iya shiga idan yana karɓar babban hawa. Iyayensa ne za su sa hannu, su ne kuma za su tuƙa. Amma akwai waɗanda aka bari a baya. Wanda naƙasa ta same shi bayan ya kai shekarun fansho, wani alawus dabam ake ba shi, wanda babu kuɗin zirga-zirga a ciki. Irin wannan tsoho ba shi da hanyar shiga shirin.

Yadda Ake Karɓar Motar

A ɗauki misalin wata mata da ƙafafunta suka shanye, tana zaune a ƙauye, tana karɓar babban hawa. Ga matakan da za ta bi.

Na farko, za ta duba jerin motocin da ke cikin shirin, a intanet ko a wurin dillalin mota. Ana sabunta jerin da farashinsa duk wata 3.

Na biyu, za ta je wurin dillalin da ke hulɗa da shirin. Za ta gwada shiga da fita. Za ta duba ko kekenta zai shiga but. Idan tana tuƙi, za ta gwada tuƙawa.

Na uku, za ta nuna takardar alawus ɗinta, da shaidar inda take zaune, da lasisin waɗanda za su tuƙa. Ba a neman mai tsaya mata. Ba a binciken ko ana bin ta bashi.

Na huɗu, za ta sa hannu a yarjejeniya. Ta yarda ke nan ma'aikatar gwamnati ta daina ba ta kuɗin zirga-zirga a hannu. Duk mako 4 za a riƙa tura su kai tsaye zuwa ga masu motar. Kashin hidimar yau da kullum kuwa ba a taɓa shi, yana ci gaba da zuwa mata.

Na biyar, ran da motar ta iso za ta je ta karɓi mabuɗi. Daga ranar aka fara ƙirga shekara 3.

Lissafin Kuɗin

Motocin shirin aji uku ne. Akwai ƙananan motoci waɗanda hayarsu ba ta kai yawan alawus ɗin ba. Mai irin wannan mota yana samun canji. Akwai waɗanda hayarsu take cinye alawus ɗin duka. Akwai kuma manyan motoci masu tsada. Su suna cinye alawus ɗin duka, kuma sai an ba da kafin alƙalami tun ranar farko. Kafin alƙalamin yana iya zama fam 'yan ɗaruruwa, yana iya zama fam dubbai. Daga aljihun mutum yake fita, kuma ba a mayar da shi idan wa'adin ya cika.

Shekara 3 mako 156 ne. Idan aka ninka fam 77 sau 156, za a sami kimanin fam 12,000. Wannan shi ne abin da matar nan za ta sadaukar. Bayan shekara 3 ba ta da mota, ba ta da fam 12,000. Abin da ta samu shi ne tafiye-tafiyen da ta yi cikin kwanciyar hankali.

Saboda haka shiga shirin ba dole ba ne. Mutum yana da zaɓi. Yana iya riƙe kuɗinsa ya riƙa shiga tasi, ko ya sayi tsohuwar mota. Wajen kashi 1 cikin 3 na waɗanda suka cancanta ne suke shiga. Mazaunin birni, inda bas da jirgin ƙasa suke wucewa a kai a kai, yana iya cewa ba ya bukata. Mazaunin ƙauye, inda bas ba ta zuwa sai jefi-jefi, shi ya fi sanin darajar motar.

Abin Da Kuɗin Hayar Suka Ƙunsa

Duk wanda ya taɓa riƙe abin hawa ya san saye ba shi ne wahala ba, riƙewa ita ce wahala. A nan ne shirin ya fi amfani. Cikin kuɗin hayar akwai inshora. Akwai sabis da gyara a gareji. Akwai canjin taya idan ta suɗe ko ta fashe. Akwai gyaran gilashin gaba. Idan mota ta mutu a hanya, ko da tsakar dare ne, akwai lambar da za a kira a zo a gyara ko a ja ta. Ba a kuma biyan harajin hanya.

Akwai abin da ba ya ciki. Mai mota ne zai sha mai, ko ya biya kuɗin caji idan ta lantarki ce. Idan aka ci shi tara saboda gudu ko ajiye mota a inda aka hana, shi zai biya. Idan aka yi haɗari, akwai wani kaso na farko da yake biya kafin inshora ta biya saura.

Akwai kuma iyakar tafiya. A yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu a 2025, iyakar ita ce mil 60,000 cikin shekara 3, wato kimanin kilomita 96,000. Wanda ya wuce haka sai ya biya kuɗi a kan kowane mil da ya ƙara.

Gyara Mota Daidai Da Jikin Mai Ita

Ba kowace naƙasa ce take hana tuƙi ba. Ana iya sake wa mota tsari ta dace da jikin mai ita. Wanda ƙafafunsa ba sa aiki ana sa masa wani ƙarfe kusa da sitiyari. Idan ya ja, mota ta tafi. Idan ya tura, birki ya kama. Wanda ƙafar damarsa ce ta lalace ana mayar masa da totur gefen hagu. Mai hannu ɗaya ana ɗaura masa wani ƙulli a jikin sitiyari don ya juya shi da sauƙi. Irin waɗannan motoci masu canja giya da kansu ne. Da yawa daga cikin gyare-gyaren nan ba a karɓar ƙarin kuɗi a kansu idan aka yi su tun farkon haya.

Akwai kujera mai juyawa ta fuskanci ƙofa don fita ta yi sauƙi. Akwai ƙugiya mai inji da ke ɗaga keken guragu ta sa shi a but. Akwai kuma motocin da aka sauke ƙasansu aka sa musu gangare a baya. Mutum zai shiga yana zaune a kan kekensa, a ɗaure keken a ciki. Irin waɗannan suna da tsada, shi ya sa hayarsu take kai shekara 5.

Wanda ba ya son mota yana iya hayar keken guragu mai batir, ko ɗan babur mai batir na masu wahalar tafiya. Wanda kuma kafin alƙalami ya fi ƙarfinsa yana iya neman taimako daga gidauniyar Motability. Gidauniyar tana duba halin mutum kafin ta taimaka. Takan kuma biya wa wasu kuɗin koyon tuƙi. A Birtaniya sai shekara 17 ake fara tuƙin mota, amma mai karɓar babban hawa an yarda ya fara tun yana da 16.

Dokokin Riƙe Motar

Ba lallai ne naƙasasshen ya iya tuƙi ba. Ana iya rubuta sunan mutum har 3 a inshora. Suna iya zama 'yan'uwa, ko abokai, ko mai kula da shi. Wanda babu sunansa ba shi da izinin tuƙawa.

Babbar doka ita ce, don amfanin naƙasasshen za a yi aiki da motar. Ba sai yana ciki kullum ba. Ɗansa yana iya zuwa ya yi masa cefane ko ya karɓo masa magani. Amma ba a ba da ita aro ga maƙwabci. Ba a ba da ita haya. Ba a yin tasi ko dakon kaya don kuɗi da ita. Ba a sayar da ita, ba a jinginar da ita, tunda ba tasa ba ce.

Idan duk direbobin ba gida ɗaya suke da naƙasasshen ba, kamfanin yana iya sa wa motar na'ura mai nuna inda take. Dalili shi ne, wani lokaci 'yan'uwa ne suke cin moriyar motar, mai lalurar yana zaune a ɗaka. Wanda aka kama ya karya doka ana karɓe motar, ana kuma iya hana shi wata.

Idan shekara 3 ta cika, sai a mayar da mota. Wanda ya mayar da ita da kyau ana ba shi ɗan tukuici. Daga nan ya zaɓi sabuwa, ko ya fita daga shirin kuɗinsa su dawo hannunsa.

Su Wa Ke Da Motocin?

Motability gida biyu ne. Akwai gidauniya, wadda take sa ido a kan shirin. Akwai kuma kamfani mai suna Motability Operations, wanda yake sayen motocin yana ba da su haya. Manyan bankuna 4 ne suke da kamfanin: Barclays, da HSBC, da Lloyds, da NatWest. Ribar da aka samu ana mayar da ita cikin shirin, ko a bai wa gidauniyar.

Dalili 4 ne suka sa hayar ta fi ta kasuwa sauƙi. Na ɗaya, kamfanin yana sayen motoci dubbai a lokaci guda, saboda haka farashin sari yake samu. Na biyu, kuɗin hayar daga gwamnati suke zuwa kai tsaye, babu mai cewa a yi masa haƙuri sai wata mai zuwa. Na uku, gwamnati ta daɗe tana yafe wa shirin wasu haraji. Na huɗu, motar da aka mayar bayan shekara 3 da sauran ƙarfinta. Kamfanin yana sayar da ita ga dillalan tsofaffin motoci, ya maido da wani babban kaso na kuɗinsa.

Mita 20 Da Ta Raba Mutane Da Motocinsu

Duk wannan gini a kan abu ɗaya yake tsaye, wato alawus. Alawus kuwa ana sake duba shi lokaci lokaci. Idan aka sauke mutum daga babban hawa zuwa ƙarami, dole ya mayar da mota. Kayan aro ba ya rufe katara.

Wannan ya faru ga mutane da yawa. Kafin 2013, wanda ba ya iya taka kimanin mita 50 yakan sami babban hawa. Da aka kawo PIP sai aka rage awon zuwa mita 20. Mita 20 taku 25 ne zuwa 30 na mutum mai lafiya. Aka sake auna waɗanda suke karɓar tsohon alawus. Dubban mutane aka ce suna iya wuce mita 20, aka sauke su, suka mayar da motocinsu.

A duba halin mutumin da zai iya taka mita 30, sa'an nan numfashi ya ɗauke masa ko ciwo ya tsayar da shi. A takarda yana iya tafiya. Amma tashar bas tana nesa da gidansa. Da mota yana zuwa aiki. Ba mota, aikin ma yana iya kuɓuce masa. Ƙungiyoyin naƙasassu sun daɗe suna kuka a kan wannan awo.

Doka ta ce ba nisa kaɗai za a duba ba. Sai a duba ko mutum zai iya yin tafiyar ba tare da haɗari ba, ko zai iya maimaita ta, ko kuma zai yi ta cikin lokacin da ya dace. Wanda bai yarda da hukunci ba yana da wata 1 ya nemi ma'aikatar ta sake dubawa. Idan bai gamsu ba, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa wata kotu ta musamman. Da yawa daga masu ɗaukaka ƙara suna yin nasara. Sai dai shari'ar takan ɗauki watanni, wani kafin ya ci nasara ya riga ya mayar da motar.

Ƙorafi A Kan Shirin

A 2018 'yan majalisar Birtaniya sun binciki kamfanin. An gano ya tara ajiyar kuɗi kimanin fam biliyan 2.4. An kuma gano shugabansa ya karɓi kimanin fam miliyan 1.7 a shekara guda. 'Yan majalisa suka ce wannan ya yi yawa ga kamfanin da ba shi da abokin gasa, wanda kuma kuɗinsa daga alawus ɗin naƙasassu suke fitowa. Kamfanin ya ce ajiyar garkuwa ce, don farashin tsofaffin motoci yana iya faɗuwa. Daga baya shugaban ya sauka.

A 2025 surutu ya sake tashi. Wasu 'yan siyasa da jaridu suka ce masu shiga shirin sun yi yawa, kuma ana hawa motocin alfarma. A watan Nuwamba na shekarar aka cire motoci irin su BMW da Mercedes daga jerin. Gwamnati kuma ta sanar da cewa daga Yuli 2026 za a sa haraji a kan kafin alƙalami da inshorar sababbin yarjejeniyoyi. Ƙungiyoyin naƙasassu suka mayar da martani. Suka ce alawus ɗin ɗaya ne, ko mutum ya ɗauki babbar mota ko ƙarama. Ƙarin kuɗin babbar mota daga aljihun mai ita yake fita. Kuma wani yana ɗaukar babbar mota ne don ita kaɗai kekensa yake shiga.

Haya Dabam, Saye Dabam

A garuruwan Arewa matasa sukan karɓi A Daidaita Sahu su riƙa biya kaɗan-kaɗan har ya zama nasu. Wannan saye ne. Shirin Motability kuwa kamar hayar gona yake. An biya, an noma, an girbe, gona ta koma wurin mai ita. Mai saye shi ke da abin a ƙarshe, amma gyara da asara duk a kansa suke. Mai haya ba shi da komai a ƙarshe, amma ba ya kwana da tunanin kuɗin bakanike. Duk wanda za a bai wa abin hawa ya sa hannu a takarda, ya kamata ya tambaya tun farko: haya ce ko saye? Wa zai yi gyara? Idan biya ya tsaya, me zai faru?

A Nijeriya Fa?

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ce wanda ya nuna bambanci ana iya cin sa tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Kamfani kuwa tararsa naira miliyan 1 ce. Ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu. A 2020 aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa.

Amma dokar ba ta tanadi alawus na zirga-zirga irin na Birtaniya ba. Shi kuwa alawus mai zuwa a kan lokaci shi ne tushen shirin mota. Shi ya sa banki ya yarda ya ba da jari tun 1977. A nan har yanzu keken hannu mai ƙafa uku shi ne abin hawan guragu da yawa. A Kano akwai ƙungiyar waɗanda cutar shan inna ta naƙasa, su da kansu suke ƙera irin waɗannan kekuna suna sayarwa.

Shirin Motability na mazauna Birtaniya ne masu karɓar alawus na can. Ba shi da reshe a Nijeriya ko Nijar. Ko a can ma ba a biyan kuɗin fom kafin a shiga. Saboda haka idan wani ya zo ƙauye, ko ya aiko da saƙo ta waya, ya ce a kawo kuɗi zai samo wa naƙasasshe mota daga Ingila, a yi hattara da shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A kai maganarsa wurin mai unguwa ko dagaci, ko ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, kafin a ba shi ko kwabo.